Yadda Ake Ɗaukar Hoton Nebular Oriyon da Kyamara, a Kuma Fito da Shi a Kwamfuta

Hoton farko da za ka gani a bayan kyamararka ba zai burge ka ba. Baƙin fili ne mai yashi-yashi da ɗigon taurari, a tsakiya kuma ga wani ɗan tabo mai ruwan hoda, kamar an goga yatsa a jikin gilashi. A nan mutane da yawa suke sarewa, su ce kayan aikinsu ne ba su kai ba. Alhali wannan tabon shi ne nebular, kuma hotunan nan masu fuka-fukan ja da shuɗi da ake gani, daga irin wannan tabon aka fito da su. Sai dai ba hoto ɗaya ba ne. Ɗari ne ko ɗari biyu aka ɗora kan juna, har hasken da yashin, wato ɗigo-ɗigon da ke ɓata hoton da aka ɗauka cikin duhu, ya binne ya taso. Saboda haka aikin kashi biyu ne: tara haske da dare, sannan tono shi a kwamfuta. Abin da ba ka tara ba a kashin farko, babu manhajar da za ta ba ka shi a na biyu.

Wace nebula, kuma yaushe

Nebula gajimare ne na iskar gas da ƙura a can tsakanin taurari. Mai farawa ya fara da ta rukunin taurarin da ake kira Oriyon, wadda take lamba 42 a jerin masanin taurarin nan na Faransa, Charles Messier, shi ya sa ake kiranta M42. Tana da nisan tafiyar haske ta kimanin shekara 1,340, faɗinta a sama ya kai digiri guda, wato ninki biyu na faɗin cikakken wata, kuma tana da hasken da ido ma yana hango ta. Ita ce nebula ta farko da aka taɓa ɗauka a hoto. Henry Draper ne ya yi hakan a Amurka ranar 30 ga Satumba, 1880, da madubin hangen nesa mai inci 11, ya bar ƙofar haske a buɗe kusan minti 50. Bayan shekara uku, Andrew Common ya ɗauke ta daga bayan gidansa a Landan, hotonsa ya nuna taurarin da ido bai iya gani ta cikin madubin da ya yi aikin da shi. Sensar da ke cikin kyamarar da kake riƙe da ita, wato ɓangaren da ke karɓar haske, ta fi farantan hotonsu kama haske nesa ba kusa ba.

Nemo ta ba wuya. Daga Disamba zuwa Fabrairu, ka duba taurari uku masu haske a jere, tazararsu kusan ɗaya: Alnitak, Alnilam da Mintaka. Idan ka miƙa layinsu ta gefe guda zai kai ka ga Sirius, tauraron da ya fi kowane haske da dare. Ta ɗaya gefen kuma zai bi da kai wajen Kaza da 'Ya'yanta. Kudu da waɗannan ukun akwai wani ɗan gajeren jeri mai dishi-dishi. Na tsakiyarsa, in ka ƙura masa ido, ba shi da kaifin tauraro. Ita ce.

A tsakiyar Disamba tana kaiwa ƙololuwar hawanta wajen sha biyun dare, a tsakiyar Janairu wajen ƙarfe goma, a tsakiyar Fabrairu wajen ƙarfe takwas. Awa biyu kafin ƙololuwar da awa biyu bayanta su ne lokacinka, domin a sannan iskar da haskenta zai ratsa ba ta da kauri. Ka zaɓi daren da babu farin wata, wato ƙarshen wata ko kwanakin farko na tsayuwarsa. Ka nisanci fitilun gari gwargwadon iko. Awa ɗaya a wuri mai duhu na gaske ta fi awoyi da yawa a tsakiyar birni. Manhajar Stellarium, wadda kyauta ce, za ta nuna maka inda nebular za ta kasance a kowace sa'a daga inda kake.

Kayan aiki, da lissafin da ke bayansu

Kana buƙatar kyamarar da ake sauya wa gilashi, mai iya ajiye hoto a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba; gilashi mai tsawon milimita 135 zuwa 200; ƙafa-uku mai ƙarfi wadda iska ba ta girgiza ta; 'yar na'urar da ke danna maɓalli da kanta a kan lokaci; batiri biyu ko uku; da tocila mai jan haske, domin ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, farin haske kuwa nan take yake ɓata wannan sabon. Madubin hangen nesa ba dole ba ne. Ni ma ina ganin mai farawa ya bar shi tukuna, saboda duk abin da ya ƙara kusanto da sama, yana ƙara girman kowane kuskure.

Babbar matsalar ita ce duniya tana juyawa. Sama tana gusawa digiri 15 a kowace awa. Idan aka raba digiri gida 3,600, kowane gida ana ce masa daƙiƙar kusurwa, to sama tana cin irin waɗannan 15 a kowace daƙiƙar agogo. Yanzu ka auna da kyamararka: ka ninka girman fiksel ɗinta, wato ɗigo guda na sensar, a ma'aunin maikiron (kashi ɗaya cikin dubu na milimita), da 206, ka raba da tsawon gilashi. Kyamara mai fiksel maikiron 3.9 a kan gilashin milimita 200, kowane fiksel yana ganin daƙiƙar kusurwa 4. Ke nan cikin daƙiƙa ɗaya tauraro ya tsallake fiksel kusan huɗu. Oriyon kuma tana dab da layin da ya raba arewacin sama da kudancinta, inda gusawar ta fi sauri. Akwai wata doka da ake yawan faɗa, wai ka raba 500 da tsawon gilashi ka sami daƙiƙun da za ka buɗe. Tun zamanin fim aka yi ta, kuma ga sensar yanzu ta yi sassauci da yawa. In ka bi ta, taurarinka za su fito kamar waƙafi.

Mafita biyu ce. Ta farko ita ce tiraka, na'urar da ake ɗorawa tsakanin ƙafa-uku da kyamara tana juyawa daidai da juyin sama, zagaye ɗaya cikin awa 23 da minti 56. Star Adventurer da SkyGuider Pro suna cikin sanannu. Da ita za ka buɗe daƙiƙa 30 zuwa 60 taurari suna nan cif. Ta biyu ga wanda ba shi da ita: gilashin 135, buɗin daƙiƙa ɗaya, ISO, wato saitin ƙarfafa hasken da sensa ta kama, a 1600 ko 3200, hotuna 600 zuwa 1,000, kana maido da nebular tsakiya duk bayan minti biyar, tunda sama tana cin digiri guda cikin minti huɗu. Hotuna 600 minti goma ne kacal na haske, amma Oriyon tana da ƙarfin da za ta fito da su. Sauran bayanin nan na mai tiraka ne, amma aikin kwamfuta ɗaya ne.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka haɗa kayan nan da rana a ɗaki, ka kwance, ka sake haɗawa, har hannunka ya san inda kowane noti yake.

Mataki na farko: saita tiraka

Sandar juyin tiraka dole ta kalli inda sandar juyin duniya take kallo. A arewacin duniya alamar wurin ita ce Tauraron Arewa, Polaris, wanda tsayinsa daga gindin sama daidai yake da lambar latitud ɗin inda kake tsaye. Ba a kan ainihin cibiyar yake ba, ya kauce da kusan kashi biyu cikin uku na digiri, shi ya sa ɗan madubin da ke cikin tiraka yake da da'ira a zane, manhajar waya kuma ta gaya maka inda za ka aza tauraron a kan da'irar a wannan sa'ar.

Wanda yake kusa da tsakiyar duniya zai tarar Polaris ya yi ƙasa sosai, gini ko hazo ya rufe shi. Na kudancin duniya ba ya ganinsa sam. Sai a koma ga kamfas da ma'aunin kusurwa a yi saitin farko, sannan a gyara da gwaji. Ka ɗauki tauraron da ke tsaka da hawansa na minti ɗaya ko biyu: in ya zame arewa ko kudu, sandar tana buƙatar matsawa hagu ko dama. Ka ɗauki wani da ke ƙasa ta gabas ko yamma: in ya zame, tsayin sandar ne bai yi daidai ba. Ka gyara kaɗan, ka sake gwadawa. Bayan ka ɗora kyamara ka sake duba saitin, domin nauyinta kan gusar da shi.

Mataki na biyu: fokas

Kashe fokas mai sarrafa kansa, kashe mai hana rawar hoto. Kada ka yarda da alamar nesa da aka zana a jikin gilashi, da yawansu suna wuce ta. Nufi tauraro mai haske kamar Sirius ko Rigel, ka kunna kallon kai-tsaye a allon kyamara, ka zuƙo shi ninki goma, ka murza zoben a hankali har tauraron ya ƙanƙance iya ƙanƙancewa, ƙananan taurarin da ba ka gani a da su ɓullo a gefensa. Wannan ɓullowar ita ce alamar da na fi yarda da ita.

Akwai wani faifai mai tsage-tsage da ake kifawa a bakin gilashi, wanda Pavel Bahtinov, wani mai sha'awar taurari ɗan Rasha, ya ƙirƙiro a 2005. Yana sa tauraro ya fitar da layuka uku, biyu sun gitta juna, na uku yana yawo tsakaninsu. Da ya zauna a tsakiya, fokas ya yi. Ka manna zoben da salatif, ka cire faifan. Bayan awa guda ka sake dubawa, domin sanyin dare yana sa ƙarfe da gilashi su takure, fokas ya goce.

Mataki na uku: saitin kyamara

RAW kaɗai. JPEG yana da matakan haske 256 a kowane launi, RAW mai bit 14 yana da 16,384, kuma duk nebular tana kwance ne a 'yan matakan ƙasa-ƙasa. Kashe rage yashi na dogon buɗi da kyamara ke yi da kanta, domin yana cinye rabin darenka. Rage bakin gilashi mataki ɗaya daga iyakar buɗinsa, misali daga f/2.8 zuwa f/4, taurarin gefe za su daina yin fuka-fuki. Sa ISO a 800 ko 1600, ka gwada daƙiƙa 30.

Kada ka yanke hukunci da yadda hoton ya yi a allo, cikin duhu komai yana yi wa ido haske. Buɗe zanen tudun haske, wato histogiram. Tudun nan hasken sararin sama ne. Ana so ya rabu da bangon hagu sarai, ya tsaya wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na faɗin zanen. In ya manne da bango, ƙara daƙiƙu. In ya kai tsakiya, fitilun gari sun yi yawa, rage.

Ga tarkon da Oriyon take da shi wanda yawancin nebuloli ba su da shi. A cibiyarta akwai taurari huɗu matasa masu tsananin zafi da ake kira Trapezium, su ne ke haskaka gajimaren duka. Wurin da ke kewaye da su ya fi gefen nebular haske ninkin-ba-ninkin. Buɗin da zai kamo gefen, zai ƙone cibiyar ta koma farin dunƙule, kuma fiksel ɗin da ya cika ya cika, ba abin da za a ciro daga cikinsa. Don haka kashi biyu za ka ɗauka: dogaye kamar 120 na daƙiƙa 30, awa ɗaya ke nan, da gajeru kamar 30 na daƙiƙa 2 zuwa 4, ba tare da ka taɓa fokas ko ka juya kyamara ba. A gilashin 200 ba lalle taurarin huɗu su rabu tsaf ba, tunda dukansu cikin fiksel biyar ko shida suke, amma saƙar gajimaren da ke kewaye da su za ta tsira.

Mataki na huɗu: tara haske

Me ya sa 120? Hasken nebula iri ɗaya ne a kowane hoto, yashin kuwa kowane hoto da nasa. In aka haɗa, hasken yana taruwa, yashin yana kashe juna. Amma ba ya tafiya kai tsaye: hoto 4 sun fi ɗaya tsafta ninki biyu, 16 ninki huɗu, 100 ninki goma. Wanda ya tara awa ɗaya yana son ninka tsaftar hotonsa, sai ya kai awa huɗu. Da yayyafi kogi kan cika, kuma ba dole a dare ɗaya ba. Za ka iya haɗa na darare uku.

Duk bayan hotuna goma ko sha biyar, ka ɗan gusar da kyamara kaɗan, 'yan fiksel kawai, kowane karo ta wani gefe daban. Wannan yana hana lalatattun fiksel faɗawa wuri ɗaya a sama, in ba haka ba za su bar zane-zane kamar ruwan sama mai karkata a hoton ƙarshe.

Ka riƙa haska bakin gilashi da jar tocila lokaci-lokaci. Akwai daren da na zauna gefe ina jin ƙarar kyamara tana aiki, hankalina kwance, awa biyu cur. Da na duba da safe, hotuna arba'in na farko taurarinsu kamar kan allura. Daga nan kowane tauraro ya fara samun rawani, rawanin yana faɗi, har na ƙarshe ba ka ganin komai sai toka. Raɓa ce ta kwanta a gilashin tun ina zaune. Yanzu ba na fita sai da ɗamarar ɗumama gilashi mai aiki da batirin waya, da hular gilashi a bakinsa.

Mataki na biyar: hotunan gyara, kafin ka kwance komai

A nan gajiya take sa mutum ya ce gobe. Kada ka yarda. Iri uku ne.

Na duhu: rufe gilashi da murfinsa, rufe tagar leƙe, ka ɗauki 20 zuwa 30 da ISO ɗaya, daƙiƙu ɗaya, a cikin sanyin daren nan. Suna kama zafin da sensa ke haifarwa da kanta. Gajerun hotunan ma a yi musu nasu.

Na fili: waɗannan su ne na fi ba muhimmanci. Kowane gilashi yana dushewa ta kusurwoyi, kowace sensa tana da ƙura. A hoton rana ba a lura, amma idan aka ja haske kamar yadda za mu ja, kusurwoyin za su zama ramuka, ƙurar ta zama zobba. Ka shimfiɗa farin ƙyalle mara ƙudundune a bakin gilashi, ka ɗaure da roba, ka kifa allon kwamfutar hannu mai nuna fari zalla a kai, ka nemi buɗin da zai kawo tudun histogiram kusa da tsakiya, ka ɗauki 25. Sharaɗin shi ne fokas da bakin gilashi su kasance yadda suke lokacin ɗaukar nebula, kuma ba a cire gilashin daga kyamara ba. In ka taɓa su, zobban ƙurar sun sauya, ka yi aikin baban giwa.

Na tushe: murfi a rufe, buɗi mafi sauri da kyamara ke da shi, kamar 1/4000, guda 50, da ISO ɗin na fili. Minti biyu sun isa.

Mataki na shida: haɗawa

Manhajar Siril kyauta ce, tana aiki a Windows, Mac da Linux. DeepSkyStacker ma tana haɗawa, amma Siril za ta raka ka har kusan ƙarshe. Da farko ka bi hotunan nebula ɗaya bayan ɗaya, ka zubar da wanda taurarinsa suka ja, ko gajimare ya ratsa, ko ka bugi ƙafa-uku. Wanda jirgi ko tauraron ɗan'adam ya ja wa layi ka bar shi, manhajar tana gane fiksel ɗin da ya saɓa wa 'yan uwansa ta watsar da shi.

Ka buɗe folda ɗaya, a cikinta guda huɗu da waɗannan sunaye daidai: lights na nebula, darks na duhu, flats na fili, biases na tushe. Nuna wa Siril babbar foldar, ka kunna umarnin OSC_Preprocessing. Za ta cire na duhu daga kowane hoto, ta gyara shi da na fili, ta daidaita taurari kan taurari, ta haɗa. Ka tanadi wuri: kyamara mai megafiksel 24 da hotuna 120 za ta ci kusan gigabait 70 na wucin gadi. Ka maimaita wa gajerun a tasu foldar. Sannan ka sa sakamakon biyu a jeri ɗaya ka sa Siril ta daidaita su da juna, tun kafin ka yanke komai, domin su hau kan juna daidai nan gaba.

Hoton da zai fito kusan baƙi ne ƙirin. Ba abin da ya lalace. Sauya yanayin kallo zuwa Autostretch ka ga abin da ke ciki. Wannan leƙe ne kawai, bai taɓa ainihin hoton ba.

Mataki na bakwai: share fili da gyara launi

Yanke gefunan da ba su cika ba, iri ɗaya a hotunan biyu. Za ka ga wani ɓangaren sama ya fi wani haske, galibi ruwan ƙasa ko lemo, daga fitilun gari. A cikin Siril, Background Extraction tana ɗaukar samfur daga wuraren da babu komai, ta zana shimfiɗar wannan hasken, ta cire. A Oriyon sai da hankali, domin kusan duk yankin cike yake da siririyar ƙura ta gaske. Ka goge duk samfurin da ya faɗa kan nebula ko kusa da ita, ka bar kaɗan a can gefe, ka zaɓi lissafi mafi sauƙi. In ka cika samfur, manhajar za ta ɗauki fuka-fukan nebular a matsayin datti ta share su. GraXpert ma wannan aikin take yi, kyauta.

Don launi, ka yi amfani da Photometric Color Calibration. Ka rubuta M42, tsawon gilashi da girman fiksel. Za ta gane taurarin hotonka, ta kwatanta su da launinsu da aka auna a kundin taurari ta intanet, ta daidaita ja, kore da shuɗi. Jan nebula daga haidurojin yake, mai haske a tsawon nanomita 656; kyamarar da ba a yi wa gyara na musamman ba tana da matatar da ke tare mafi yawansa, shi ya sa takan fito ruwan hoda maimakon ja wur. Iskar oksijin kuma tana haske a nanomita 501, tsakanin kore da shuɗi, kuma ta fi yawa a cibiya. Saboda haka ina jan kunne game da maɓallin cire kore da kowa ke dannawa ba tunani. A sararin baya yana da amfani. A cibiyar Oriyon, ɗan koren nan gaskiya ne.

Mataki na takwas: jan haske

Nan ne hoton ke haihuwa, nan ne kuma aka fi kashe shi. Manufar ita ce ɗaga dusassun wurare da yawa, masu haske kuma kaɗan. Fara da Asinh, ɗaya daga hanyoyin jan haske na Siril, domin tana ɗaga haske ba tare da ta wanke launin taurari ba. Ja har nebular ta fara bayyana, ka tsaya, ka tabbatar. Sannan ka koma histogiram: matsar da maɓallin tsakiya hagu kaɗan, tabbatar, matso da na baƙi zuwa gindin tudun amma kada ya taɓa shi, tabbatar. Sau huɗu ko biyar ƙanana sun fi sau ɗaya babba. A kowane zagaye wani abu zai ƙaru: da farko cibiya, sai 'yar ƙaramar M43 da baƙin layin ƙura ya raba da uwar, sai fuka-fukan biyu su buɗe, sai shuɗin wata nebular, NGC 1977, ya taso a arewa, daga ƙarshe ruwan ƙasa-ƙasa ya mamaye wurin da ka zaci babu komai.

Kada ka mai da sama baƙa ƙirin. Na san jarabar: baƙi yana ɓoye yashi, hoto ya yi kamar tsaf. Amma ƙurar da ka kwana kana tarawa tana zaune ne dab da wannan baƙin, in ka datse ta tafi. Ka bar sararin baya wajen 20 zuwa 30 a ma'aunin 255, toka mai duhu. Lokacin tsayawa shi ne sa'ad da yashi ya fara tashi da sauri fiye da nebula. In kana son fiye da haka, magani yana waje, wani daren.

Idan taurari suka kumbura suka danne gajimaren, manhajar StarNet tana iya raba hoto biyu, nebula daban, taurari daban. Ka ja nebular da ƙarfi, taurarin a hankali, ka mai da su. Gajeren hoton kuma ka ja shi kaɗan kawai, har gefen cibiyarsa ya yi kusa da hasken dogon a wannan wurin. Ajiye kowanne a tsarin TIFF mai bit 16.

Mataki na tara: ceto cibiya

Buɗe su a manhajar gyaran hoto ta GIMP, dogon a ƙasa, gajeren a samansa. Ka sa wa na saman abin rufi, wato mask. Hanya mafi sauƙi ita ce baƙin rufi, sannan ka shafa fari da burushi mai laushi, ƙarfinsa kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, a kan inda ya ƙone, kana maimaitawa daga tsakiya zuwa waje. Hanya mafi kyau ita ce ka kwafi dogon hoton kansa ka liƙa a matsayin rufin, ka danne duhunsa har wurin da ya ƙone kaɗai ya rage fari, ka dusar da shi da Gaussian Blur sosai. Ta haka nebular ce da kanta take nuna inda za a haɗe.

Abin lura: cibiya ta ci gaba da zama wuri mafi haske a hoton. Na sha ganin an danne ta har ta fi kewayenta duhu, ta koma kamar rami mai toka a tsakiyar fure. Ka rage ƙarfin shafin sama zuwa kashi 70 ko 80 har haɗin ya ɓace wa ido.

Saura ƙananan abubuwa. Ƙara ƙarfin launi kaɗan, a kan nebula kawai, domin a sararin baya yashi mai launi zai taso. Rage yashi ma a sararin baya kawai, kuma ka bar ɗan burbushi. Hoton da aka goge tas yana komawa kamar roba, ƙananan taurari su narke. Ka zuƙo ɗari bisa ɗari ka duba ko baƙin zobe ya kewaye taurari, alamar an wuce gona da iri ke nan. Sannan ka rufe kwamfutar, ka dawo washegari da sabon ido, ka kuma duba hoton a waya, domin allo ya bambanta. Kusan kullum nakan rage launin da na sa jiya.

Fitar da JPEG don rabawa, ka ajiye TIFF ɗin, ka goge foldar wucin gadi ta Siril. Ainihin hotunan RAW da na gyaransu kuwa ka adana su, kowane dare a foldarsa, da kwanan wata, ISO, daƙiƙu da bakin gilashi a rubuce a sunanta. In ka sake fita, ka nemo wannan jerin taurarin a daidai kusurwar da ka ɗauka a baya, kowane dare da nasa hotunan fili, sai ka haɗa sabuwar awa da tsohuwa.